Ranar da na zare wa kwamfutar 'yata wuta

Ni tsohuwa ce, ban taɓa shiga aji ba, 'yata ke rubuta mini wannan. A lokacin ni ce ungozomar unguwarmu a Suleja, kuma ni ake kira wankan gawar mata. Da mai zuwa da mai tafiya, duk ta hannuna suke bi. Na ɗauka babu abin da za a koya mini game da farko da ƙarshe.

'Yar tawa manhajar kwamfuta take rubutawa. Ƙaramin asibitin haihuwa na unguwarmu ya ba ta aikin kwashe sunayen masu awo zuwa sabon tsari. Ranar da za ta shiga Abuja ta bar kwamfutar a kunne tana wannan aikin, ta ja mini kunne kada in taɓa. Da azahar na ji abin yana huci, jiki zafi kamar mai zazzaɓi. Tausayi ya kama ni, na zare wayar daga bango, har na lulluɓa mata zane ta huta.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, a ƙasa ta zauna. Ta ce mini a cikin aikin nata akwai wata irina. Duk ɗan guntun manhajar da aka haifa, ita ake fara kira ta duba shi kafin ya kama aiki. In zai tafi, ita ke karɓar abin da ke hannunsa ta adana. Amma sai an rufe bisa tsari ake kiranta. In wuta ta yanke kwatsam, babu mai aikawa. Na ce ashe ita ma ba ta zuwa sai an aiko. Ta ce kamar ni dai, har da yi mini gatse wai ni babbar likitar kwamfuta ce. Sunayen da ke hannu duk sun bi iska.

Asibitin ya ba ta kwana uku, in ba haka ba su nemi wani. Na yafa mayafi na bi gida gida ina karɓo katin awo, don babu mai cikin da ban san ƙofarta ba. 'Yata ta sake shigar da sunayen daga katunan, ta tsira da aikinta. Amma har yau in za ta fita, kulle ɗakin take, mabuɗi a jaka, ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba.

'Yan'uwana tsofaffi, abin da ba ku san yadda yake sallama ba, kada ku sallame shi. Ni da ba na barin kowa ya tafi ba shiri, da hannuna na yi haka.