Injin Emeka Ya Je Bida

Da sunan Allah na fito daga gidana a unguwar Hashimi ta Suleja bayan sallar asuba, na tarar da Emeka, mai walda da ke haya a shagon ƙofar gidana, ya riga ya ɗaure kayan cikin injinsa a buhu. Injin casar shinkafa ne ya ƙera wa matan Maje, sai ya riƙa kakkarya musu ita kamar tsaki. Matan suka ce in kaka ta yi bai gyaru ba, ya zo ya kwashi ƙarfensa. Shi kuwa duk abin da ya mallaka ya zuba a ciki, har ya fara zancen rufe shago ya koma Aba. Na ce masa ya dakata, ina da aboki a Bida, Alhaji Ndagi, wanda muka yi karatun allo tare, yanzu babban maƙeri ne, mu kai masa kayan ya duba.

Lambata

Da hantsi muka sauka, muka karya da masa mai zafi, sannan muka shiga motar Bida. Muna fita gari ɗan sanda ya leƙo.

"Mene ne a buhun nan?"

"Oga, mara lafiya ne, asibiti za mu kai shi," in ji Emeka.

Ya buɗe, ya ga ƙarafa, ya yi dariya ya ce Allah ya ba shi lafiya. Daga Lapai zuwa Agaie ramuka da tireloli suka wahalar da mu, amma da fadamun shinkafa suka bayyana hagu da dama, na yi ta tasbihi.

Bida

Bayan azahar muka isa maƙerar. Muka rungumi juna da Alhaji, muka daɗe muna lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Emeka ya ƙosa, ya zazzage buhu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Alhaji ko kallonsa bai yi ba, sai ya nuna masa zugazugi. A maƙerarsu, baƙon da ya zo neman sani sai ya hura wuta tukuna.

"Baba Malam, ni fa mai shago ne," ya raɗa mini.

"A Suleja ba. Zauna."

Ya zauna yana zuga yana gumi har la'asar, maƙera na tsokanarsa da Nufanci. Sannan Alhaji ya ɗauki wuƙar injin ya jujjuya.

"Ɗana, aikinka da tsabta. Amma me ya sa ka liƙe ta da walda? Shinkafar wannan doguwa, ta wancan gajera. Mu noti muke sa mata, a matse ko a sassauta."

Emeka ya dafe kai, ya yi ihu har na tsorata. Alhaji kuma idonsa ya faɗa kan wata 'yar fanka cikin kayan.

"Wannan fa?"

"Ita ke hure buntu, Baba, ba sai an sheƙe ba. A Aba na koya."

"Kai! Matanmu har yau da faifai suke fama. Tashi ka nuna mana!"

Sai ga tsohon da kansa ya koma kan zugazugi, Emeka na auna ƙarfe. A gidan Alhaji muka kwana, bayan tuwon shinkafa da miyar kifi. Kafin mu tafi ya ce zai turo maƙera biyu Suleja su koyi fanka.

Maje

Kashegari da yamma ba mu bi ta gida ba, sai Maje wurin injin. Emeka ya ɗaure wuƙa da noti, matan suka kewaye mu. Shugabarsu, wata dattijuwa Bagwariya, ta juye shinkafa kwano guda, ta tara tafi a bakin injin. Ta duba, ta sake dubawa, ta ga ba ta kakkarye ba, ta rangaɗa guɗa.

"Emeka, kwashe shagonka ka dawo nan!"

"Mama, a bar mini shi," na ce, "baƙi na tafe daga Bida."

Kiran magariba ya same mu a ƙofar gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma bar mini maƙwabcina.