Wandon Ladan

Babana ladan ne tun kafin in yi wayo. A ƙauyenmu na bakin Komadugu, kusa da Shetimari, ko akuya ta san muryarsa. In faɗi gaskiya, ba wani daɗi gare ta ba. Kaushi ne da ita, kuma in ya ja ta da nisa sai ta karye a tsakiya. Amma da ita na girma, da ita mutanen garka, wato masu lambu, ke sanin lokacin kashe injin ban ruwa. Sana'arsa noman tattasai, kiran salla kuwa don Allah yake yi, ba mai ba shi ko goro.

Ni ne ɗansa na fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, sai ya dubi bango ya ce, "A faɗa wa wancan ya zo da man inji," ni kuwa ga ni zaune a gabansa. Ban gaji noma ba, tela na zama, ina da ɗan shago a kasuwar Diffa, ina zuwa gida jefi-jefi. Wanda ya san ni ya san zuciya a kusa take. Na sha korar wanda ya kawo ɗinki don ya ce mini aljihu ya karkace.

Wata shekara bayan damina, lokacin da tattasai ya fara fure ana ta ban ruwa, na sauka daga mota daidai azahar. Sai na ji kiran salla da wata murya siririya wadda ban sani ba. Na shiga gida da sauri, na iske Baba zaune a inuwar dogonyaro, ya karkace a kan ɗuwawu ɗaya, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Da ya miƙe zai shiga ɗaki sai na ga yana tafiya a ware, ƙafa nan ƙafa can, yana cije leɓe.

Inna, mahaifiyata, ita ma kunyar ɗan fari take yi mini, ba ta iya zama ta yi mini bayani. Hannu kawai ta yafito ni da shi zuwa bayan rumbu. Can na ga wata igiya da ba a saba shanya a kanta ba, an rataye gajerun wanduna irin na ƴan ƙwallo, masu santsi kamar leda. Duk manoman wajenmu su suke sawa a ƙarƙashin babban wando in za su shiga ruwa.

"Hancinka na aiki?" in ji Inna.

Na kai hanci. Ko an wanke su, warin na nan. Warin maganin feshi ne, wanda ake fesa wa tattasai don kashe tsutsa.

"Shi ke wanke su da kansa yanzu," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba ya bari in taɓa. Ya bar masallaci, ya bar garka. Na gan shi ya ɗebi maganin nan a murfin kwalba ya shiga makewayi." Ta juya ta tafi, ta bar ni da igiya.

Innalillahi! Wato ƙaiƙayi ne ya kama shi a matse-matsi, shi kuma ya yi lissafin manomi, abin da ya kashe ƙwarin tattasai zai kashe na jiki. Raina ya ɓaci. Na nufi ɗakinsa da niyyar in fasa ƙwai kowa ya huta. Na yi sallama, na durƙusa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, injin yana jan ruwa kuwa?" Ya ce wa bango, "Yana ja." Shi ke nan hirar. Na fito ina zagin kaina, ƙato da gemu amma bakina ya kasa ceton ubana.

Da na koma Diffa na wuce wajen majo, babban ma'aikacin wata ƙaramar likita, wato asibiti, a unguwarmu. Mutumin Maraɗi ne da aiki ya kawo shi, ni nake yi masa ɗinki. Na ce masa wani abokina ne ke fama da kaza da kaza, ya ba ni magani in kai masa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tela, abokin nan naka manomin tattasai ne?"

Na ce e.

"To na san ciwon, kowace shekara sai sun zo da shi. Mutum ya wuni tsaye cikin ruwa da jiƙaƙƙen wandon leda, ga zufa, ga zafi. Ya yi tsarki ya mayar da wando bai goge ba. Wurin ba ya taɓa bushewa, dole fata ta yi ƙaiƙayi ta saɓule. Wannan mai sauƙi ne. Amma wanda ya zuba maganin feshi, garin neman gira zai rasa ido. Fatar wurin ba ta da kauri, ƙonewa take yi, kuma dafin na shiga jiki. Ba zan ba da magani a makance ba. Kawo shi in gani, kar ka ja lokaci."

Kawo shi! Faɗa da sauƙi. Na koma ƙauye na zayyana wa Inna, ita tana tsince wake, ni ina kallon kaji. Sai ta ce, "Akwai bakin da ba a yi wa linzami ba. Nemo Baffa."

Baffa wani tsohon Bafillace ne makiyayi, abokin Baba tun suna samari. A wajenmu Fulani da Barebari abokan wasa ne. Bafillace zai iya faɗa wa Babarbare abin da ko sarki ba zai faɗa masa ba, kuma ba damar fushi. Mu Barebari ne, Baffa kuwa bai taɓa kiran Baba da wani suna ba sai "bawana". Na same shi a kasuwar dabbobi. Ina faɗa masa ina noƙe kai, shi kuwa ya yi ta dariya har sandarsa ta faɗi. Na ji kamar in shaƙe shi. Da ya gama sai ya share hawaye, fuskarsa ta canza, ya ce, "Ɗana, je ka. Gobe da hantsi ina nan."

Ya zo kuwa. Ni na laɓe a bayan zana, don in Baba ya gan ni magana ta lalace.

"Salamu alaikum! Ina bawana? An ce mini ka haihu kana wankan jego, shi ya sa ba a ganinka a masallaci. Barka! Mace ko namiji?"

"Fulata, ka zo da tsiyar taka," in ji Baba. Haka yake kiransa.

"Tashi ka yi tafiya in gani. A'a, tashi mana! Af, ashe agwagwa na saya ban sani ba. Kai Barebari! Allah Ya ba ku tattasai Ya hana ku hankali. Ka ɗauki maganin tsutsa ka zuba a wurin da ko sabulu mai ƙarfi ba ya so? Can ɗin ma garka ce?"

Na ce yau abota ta mutu, kuma ni na kashe ta. Sai na ji Baba ya yi wata ƴar dariya ta hanci, sannan ya sassauta murya.

"Fulata, ni da ban taɓa ɗaga zanen da ba nawa ba. In na je likita aka ce ciwon ƴan bariki ne fa? Ladan guda! Da wane ido zan dubi mutane? Ga wurin yana ruwa, ban san ko tsarkina na tsayawa ba. Yaya zan kira mutane salla ni ina shakkar tawa?"

Nan ne hawaye suka zubo mini. Ashe ba zafin ciwon ne ya zaunar da shi ba, tsoron zubewar mutunci ne. Na ji tausayinsa irin wanda ban taɓa ji ba.

"Ciwon ƴan bariki a gidan uban wa?" in ji Baffa. "Ciwon ruwa ne. Shekarar da kogi ya cika na yi ta ƙetarar da shanu, ni ma ya kama ni. Na yi susa har na rasa farce. Ni da wace barikin na sani, in ba ta shanu ba? Man shafawa aka ba ni, aka ce in riƙa bushe jikina, ya tafi. Gobe zan kai bawana Diffa. In ya ƙi, wallahi ƙofar masallaci zan tsaya in yi shela, har da sunan maganin feshin."

"Za ka iya, marar kunya."

"To ka sani."

Washegari suka shigo Diffa a motar kasuwa. Ta gaban shagona suka wuce, Baffa a gaba yana jan hannun rigar Baba. Na sunkuyar da kai kan keke na yi ta taka shi ba yadi a ƙarƙashin allura. Baba ma ya kalli ɗaya gefen titi. Kowa ya rufa wa kowa asiri.

Da yamma Baffa ya dawo shagon shi kaɗai, ya zauna kan buhun ƙyallaye, ya yi ta ba ni labari da ƙarfi kamar yana kiran shanu, maƙwabtana na kasa kunne. Majo ya duba, ya ce fatar ta ƙone amma Allah Ya taƙaita, kuma ba ciwon da Baba ke tsoro ba ne. Ya wanke wurin, ya ba da magani, ya ce a dawo ya sake gani. Ya kafa sharuɗɗa: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a goge ya bushe sarai bayan wanka da bayan tsarki, a tuɓe jiƙaƙƙen wando da an fito daga ruwa, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa tattasai ko feshi kafin a ɗauki buta. Wandon leda kuwa a yi bankwana da shi, a koma na auduga mai sakewa.

Da na ji auduga sai na ce to, an zo wajena. Bakina ya kasa, amma hannuna ba zai kasa ba. Ba ni da halin in sa wa Baba magwaji a ƙugu, sai Inna ta aiko mini da tsohon wandonsa a ƙunshe. Na sayi akoko mai laushi, na wanke shi ya saki, na yanka gajerun wanduna masu faɗin hantsa don iska ta samu hanya. Na kwantar da ɗinkin ciki yadda ba zai goge fata ba. Ragowar yadin na yayyanka ƙananan ƙyallaye na kalmashe bakinsu, na gogewa. Ban taɓa yi wa wani alhaji ɗinki da natsuwar da na yi wa waɗannan ba. Na ba Inna, ita kuma ta ajiye masa a kan gado.

Bakin Baffa dai ba ya riƙe ruwa. Kafin tattasai ya nuna, sai ga manoman wajenmu suna leƙo shagona ɗaya bayan ɗaya, kowa na sosa ƙeya. "Tela, irin wandon ladan nake so." Ban tambayi kowa dalili ba. Na ɗinka, na haɗa da ƙyalle, wanda na ga yana tafiya a ware kuma in nuna masa hanyar majo.

Lokacin tsinka na koma gida. Ko'ina ya yi ja, an baza tattasai a ƙasa yana shan rana, yaji na shiga hanci. Ina sauka daga mota da la'asar, sai na ji ta. Muryar nan mai kaushi, ta ja ta ja ta karye a tsakiya. Na tsaya a bakin hanya da jakata a hannu, na kasa ɗaga ƙafa har ya gama. Farin ciki ya cika ni, ban damu da wanda ya ga hawaye a idona ba.

Bayan salla na same shi a inuwar dogonyaro, zaune daram a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya juya ya dubi bango kamar kullum, ya daɗe yana jan carbi.

"A faɗa wa telan nan," ya ce, "zariyar ta yi tsawo."

"To, Baba. Za a rage."

"Kar a rage." Ya ci gaba da jan carbi. "A faɗa masa Allah Ya yi masa albarka."