Ma'azu mai ƙirga dawakin mota

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar dabbobi ta Tawa da sassafe ya san Ma'azu makaniki. Kafin ya taɓa ƙarfe sai ya share gaban garajinsa, ya ɗaura tsohon agogonsa, ya sa ɗan littafi da fensir a aljihu. In an kawo masa mota, ba ya fara buɗe inji. Cewa yake direba ya tayar da ita, su fita bayan gari tare. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idanunsa sun yi rauni.

A hanyar arewa akwai wani hawa da ya auna da igiya tun yana saurayi. Ya san tsawonsa, ya san mita nawa yake ɗagawa. Mota ta hau da kaya, shi kuma ya duba agogo, ya rubuta nauyinta da gudunta. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne ya koya masa cewa doki ɗaya a lissafin inji shi ne ƙarfin da ke ɗaga kilo saba'in da biyar mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Da wannan yake fitar da dawakin kowace mota. Yakan ce lissafinsa ba ya faɗa daidai cif, amma ya fi takardar mota kusa da gaskiya, don ita ƙuruciyar inji kaɗai ta sani.

A farin 1984, shekara huɗu da suka wuce, aka tara manyan motoci shida su kai hatsin agaji ƙauyukan Takanamat. Wani hafsan soja ya duba takardu, ya ce a loda wa kowace iyakar abin da aka rubuta. Alƙasum, ɗaya daga cikin direbobin, shi ya ba ni labarin. Ya ce Ma'azu ya roƙi a ba shi wuni guda, ya hau da motocin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da littafinsa wurin hafsan.

"Ranka ya daɗe, wagga mota takarda ta ce doki ɗari da tamanin. Ni ɗari da kaɗan na samu. Hanyar can rairayi ce. A rage kashi ɗaya cikin uku."

"Mutane na mutuwa, kai kana cewa a sauke hatsi? Wa ka shirya sayar wa?"

Alƙasum ya ce duk suka sunkuyar da kai, don a lokacin ƙaramar magana na iya kai mutum kaso. Ma'azu ya miƙa littafin da hannu biyu. "Ku tsare ni, ku tsare buhunan. In duka shida suka kai da cikakken lodi, ku yi mini abin da kuka ga dama."

Hafsan ya daɗe yana kallon lambobin. Daga baya ya yarda aka rage wa biyar, ta shida ya ce ta tafi yadda take. Biyar ɗin sun isa washegari da la'asar. Ta shida ta kafe a rairayi, injinta ya ƙone, sai da raƙuma aka kwashe kayanta.

Rakia, wata uwar ƴaƴa biyar daga can, ta ce mini ranar da motocin suka iso kwana biyu ke nan ba ta ɗora tukunya ba. Ba ta taɓa jin sunan Ma'azu ba sai da na faɗa mata.

Amma shi ba ya son a ta da zancen. Buhunan da aka sauke sai bayan kwana huɗu suka tafi, kuma na wani ƙauye ne can nesa. Kafin su isa an binne mutum uku. Da na tambaye shi, ya ce, "Wataƙila da na bar wa kowace mota ƙarin buhu goma, da ta ja. Har yanzu ina sake lissafin."

Ma'azu, kai ne ka tsaya da fensir gaban mai bindiga. Ba kai ka hana ruwan sama ba, ba kai ka tsofar da injuna ba. Abin da ka gani ka faɗa, alhali yin shiru ya fi maka sauƙi. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka zuciya.

Ku kuma masu garaji da masu tuƙi, ku auna kafin ku loda, ku faɗi abin da kuka samu ko ba a so ji ba. In kun bi ta bayan kasuwa, ku tsaya ku gaishe shi da suna, don yanzu da murya yake gane mutane.