Obrad, Kafintan da Ya Auna Iska da Masara

Kullum ƙarfe bakwai Obrad zai buɗe shagonsa a bayan coci, ya ɗora gahawa, ya soka fensir a kunne, ya hau yankan katako. Shekara arba'in ke nan. Ba wanda ya taɓa sa sunansa a jarida. To ni Stamena, mai sharar zauren taron ƙauyen nan, yau na sa.

Akwatunan sifikun zauren guda biyu, masu dogon ƙaho da ke fitar da kaurin sautin kiɗa, shi ya haɗa su. Bara shugaban kwamiti, Gvozden, ya ce ƙararsu ta yi kaɗan, ya kai su birni wai gyara. Tun daga nan sau uku takardar bakin sifika, mai fitar da sauti, ta yage ana tsakar rawarmu ta gargajiya, kolo. Wa aka kama? Ni. Wai da jiƙaƙƙen tsumma nake goge su. Aka karɓe makullai a hannuna gaban jama'a, bayan shekara ashirin da shida ina riƙe da su.

Na je wa Obrad ina kuka.

Ya ce, "Maƙwabciya, face hancinki, ki kawo mini buhun masara biyu."

Na ce, "Kaji ne a akwatin sifikar?"

"Ke dai kawo."

Ran Lahadi, gaban kwamiti, ya kwantar da akwati ɗaya, ya cire sifikar, ya dinga zuba masara da gwangwanin lita a kogon da ke bayanta, yana ƙirgawa da ƙarfi. Sai da ya kai saba'in.

Ya ce, "Ni filin lita arba'in na bari. Wa ya cire allon da ya raba kogon?"

Gvozden ya ce, "Haba Obrad, babban ɗaki ai babbar murya."

"A gidanka ƙila. Iskar da ke kulle a nan ita ke tare takardar ta baya. Ka ƙara mata fili ta saki, takarda ta yi ta tsalle har ta yage. Tsumman Stamena ta ina zai shiga nan?"

Obrad ya mayar da allon, ya liƙe ko'ina. A bikin ran Asabar tagogi suka yi ta rawa, ba abin da ya yage. Washegari sakatare ya kawo mini makullaina har gida. Rabona da in ci abinci ya zauna mini tun bara, sai ran nan.

Obrad, kai ne ka bar aikinka don tsohuwar da ba ta da kowa. Kai ne ba ka rantse ba, ba ka yi faɗa ba, ka auna. Na gode, Allah ya bar maka hannuwan nan.

Ku kuma, kafin ku ɗora wa mai shara laifi, ku buɗe akwatin ku duba, kamar yadda ya yi.

Gvozden, gaban jama'a ka kunyata ni, ba ta bakin sakatare ba. Ina zaure kullum da safe. Ka zo da mutane, ka ba ni haƙuri.