Jabez Hounsell da Ranar da Jiniya Ta Daskare

Jiniyar jirgin ruwa mai suna Linnet ta daskare a watan Maris na shekarar 1930, alhali mutum ashirin da shida suna can nesa a kan ƙanƙarar teku suna farautar karnukan teku, dabbobin ruwa da ake kashewa don fata da kitse, kuma ba wani abu ya jawo haka ba illa an hana busa ta saboda ana ɗaukar fim mai magana. Wannan tarihin mutumin da ya tsaya a madadinta ne.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Jabez Hounsell a shekarar 1886 a ƙauyen Gannet Tickle da ke gaɓar Bonavista, a tsibirin Newfoundland. Mahaifinsa Levi Hounsell masunci ne, mahaifiyarsa kuwa Tryphena Burry ta haifi 'ya'ya tara, biyar suka rayu, Jabez ne na uku a cikinsu. Ya yi makarantar coci hunturu biyu kacal, inda ya koyi rubuta sunansa da karanta littafin waƙoƙin ibada, kuma an ruwaito cewa malamin bai yi baƙin cikin tafiyarsa ba, domin in Jabez yana biya haruffa ba wanda ke jin nasa karatun. Tun yana yaro uwarsa ke tura shi bakin dutse ya kira ubansa cin abinci daga cikin kwalekwale, sai duk masuntan ƙauyen su juyo gida tare, kowa yana zaton shi ake kira.

Fita kan ƙanƙara

A shekarar 1903, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya taka da ƙafa tare da manya zuwa tashar jirgin ƙasa, daga nan zuwa birnin St. John's, ya samu gurbi a jirgin farauta. Aikin bai canza ba har yau: a saukar da mutum da asuba da sanda mai ƙugiya da igiya da busasshen burodi a aljihu, ya yi ta tsalle daga wannan falle na ƙanƙara zuwa wancan, ya kashe, ya feɗe, ya jawo fata da kitse zuwa inda aka kafa tuta. Idan hazo ko dusar ƙanƙara ta sauko, ba abin da ke nuna wa mutum inda jirgi yake sai jiniya. Saboda haka al'ada ce a riƙa busa ta akai-akai muddin akwai mutum a waje, kuma kowa ya san in aka bar ta shiru a irin wannan sanyi, tururin da ya kwanta a bututunta zai zama ruwa, ruwan ya zama dutse.

Akwai wata al'adar kuma, wadda ta fi wannan ƙarfi: ba mai taɓa igiyar jiniya sai da umarnin kyaftin, kuma ba mai tuna wa kyaftin aikinsa.

Aure da shugabanci

Ya auri Drusilla Feltham a shekarar 1909, aka haifi ɗansu na fari, Levi, a shekara mai biye. A 1919 Kyaftin Uriah Gosse na jirgin Linnet ya naɗa shi madugu, wato mai jan rukunin maharba a kan ƙanƙara, ya riƙe wannan muƙami shekara goma sha ɗaya ba tare da ya rasa mutum ko ɗaya ba. Ba shi da haƙuri, kuma bakinsa ba shi da linzami, amma yana sanin inda kowa yake. A gida shi ke jan waƙa a coci, har limamin cocin ya taɓa roƙonsa ya bar wa sauran jama'a ɗan wuri su ma Ubangiji ya ji su.

Zuwan masu fim

A farkon 1930 wani Ba'amurke mai suna Halloran ya shiga Linnet da mutanensa da akwatuna masu nauyi, da nufin ɗaukar hoton farautar tare da sautinta, abin da ba a taɓa yi ba a wannan teku. Mutumin kirki ne, yana cin abin da mu mutanen jirgin muke ci, bai taɓa ƙorafi a kan warin kitse ba. Da ya ji Jabez yana zagin wani daga wannan ƙarshen jirgi zuwa wancan, sai ya nemi kyaftin ya ara masa shi na yini guda. Aka amince. Rukunin Jabez ya fita ran nan ƙarƙashin ɗansa Levi, wanda bai wuce shekara ashirin ba, kuma mai wannan rubutu yana cikinsu.

Halloran ya buƙaci a yi shiru da safe domin na'urarsa ta kama kukan jariran karnukan teku, mai kama da na jariran mutane, ya kuma kama kiran madugu. Sama garau take, kyaftin ya ba da umarni a bar jiniya. An ba Jabez wasu kalmomi ya haddace, ya kasa, ya ce shi bai san waɗannan mutanen na cikin takarda ba, zai kira nasa. Haka ya hau tudun ƙanƙara ya yi ta kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da zaginsa, har mai kula da na'ura ya cire abin kunnensa ya roƙe shi ya rage.

Kafin rana ta take aiki ya ƙare, Halloran ya yi godiya. Sai dai yana da wani faifan gwaji da ake iya saurara nan take, kuma a ciki akwai muryar kyaftin. Kyaftin Gosse bai taɓa jin kansa ba. Ya sauka ɗakinsa da faifan, ya sa aka yi ta maimaita masa, yana musun cewa wannan mai magana ta hanci ba shi ba ne. Umarnin shiru kuwa bai janye ba. Injiniya ya sani, mai tuƙi ya sani, mai dafa abinci ma ya sani, kowa ya dubi igiyar ya kau da kai. Jabez da kansa ya faɗa daga baya cewa shi ma ya dube ta.

Ranar kira

Da la'asar iska ta juya gabas, dusar ƙanƙara ta rufe komai, har mutum bai ganin ƙarshen sandarsa. Kyaftin ya fito a guje ya ja igiya, jiniya ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Aka zuba mata tafasasshen ruwa, iska ta daskarar da shi kafin ya gangara. Aka harba bindiga, amma ƙarar bindiga a cikin guguwa ba ta nuna gabas ko yamma. Masu fim suka kunna manyan fitilunsu, haskensu bai wuce jifa ba.

Jabez bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Halloran ɗaya bakin ya ce ya riƙe da kyau, ya koma kan tudun da ya hau da safe, ya juya baya ga iska domin ta ɗauki muryar ta kai mana.

Mu a lokacin mun taru wuri ɗaya, kuma gardama ta kaure, domin wasu sun rantse jirgi yana hagu, Levi yana cewa dama, kuma ba wanda ke son bin yaro. Muna cikin haka wani dattijo mai suna Naboth Burry ya ce kowa ya rufe baki. Can ƙasa-ƙasa muka ji:

"Levi, ɗan Drusilla, mai kunnen ƙashi, nan nake! Naboth, tsohon banza, ƙafarka ta mutu ne?"

Naboth ya ce, "To, Alhamdu lillahi, ana zagina. Ku bi ta nan."

Muka kama igiya ɗaya muka bi zagin. Tafiyar ba ta kusa ba ce, ƙanƙara kuma tana tsagewa, sai mun yi kewaye. Wani lokaci muryar ta ɓace, mu tsaya cik, sai ta dawo ta wani gefen da wani sunan. Yadda muke matsowa haka take dishewa, har muka riƙa zaton nisa muke yi, sai Levi ya ce a'a, muryar Baba ce ke ƙarewa, ku ɗaga ƙafa. Mun iso gab da magariba. Sunayen ƙarshe ba kira ba ne, wani irin gurnani ne, kuma akwai jini a gemun Jabez ya daskare. Ya ƙirga mu da yatsa, ya ga mun cika, sannan ya yarda aka sauko da shi. Naboth ya rasa yatsun ƙafa biyu, ban da wannan ba wanda ya rasa komai a cikinmu.

Bayan dawowa

Likita a St. John's ya duba maƙogwaronsa ya ce abin da ya yage ba zai haɗu ba, sai dai raɗa. Madugu ba ya yiwuwa da raɗa, saboda haka bai sake fita kan ƙanƙara ba. Kyaftin Gosse ya zo har gida neman gafara, Jabez ya nuna masa kujera da butar shayi, maganar ta ƙare a nan. Daga shekarar nan kyaftin ya kafa doka a Linnet cewa duk wanda ya ga jiniya ta daɗe shiru ya ja igiya, ko da mai wanke tukwane ne, kuma wasu jiragen sun ɗauka.

Jabez ya koma sassaƙa kwalekwale, ya kuwa iya, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa saye. In yana son wani sai ya buga guduma a katako. Drusilla ta kan gaya wa mata cewa shekara ashirin tana roƙon Ubangiji ya rage wa mijinta murya, amma ba ta ce a ɗauke duka ba. A ƙarshen 1930 ta haifi autarsu, Olive, wadda ta tashi tana zaton ubanta mutum ne mai sanyin hali.

Fim ya iso ƙauye

An nuna fim ɗin a birane tun 1931, amma bai iso Gannet Tickle ba sai lokacin bazara na 1938, da wani mai yawo da majigi ya kawo shi a kwalekwale tare da injinsa. Dattawan coci sun yi gardama a kan halaccin kallo, daga ƙarshe suka zo suka zauna a gaba. Labarin soyayya ne da aka ƙaga, ba wanda ya kula da shi. Amma da aka zo wurin da wani ƙato ya hau tudun ƙanƙara ya buɗe baki, sai ɗakin makarantar ya girgiza, kuma duk wanda aka kira sunansa ya amsa daga kan benci ba tare da ya sani ba. Naboth har miƙewa ya yi.

Olive, tana da shekara bakwai, ta toshe kunnuwa, ta dubi bango, ta dubi ubanta.

"Baba, wai kai ne wannan mai masifar?"

Ya sunkuyo ya raɗa mata, "Ni ne, 'yata. Wannan ma cewa suka yi in rage."

Ta ce ita dai sai an sake. Aka sake sau biyu, mai majigi bai yi musu ba.

Rasuwa da zuriya

Levi ya zama madugu a 1935, daga baya ya zama kyaftin, kuma ubansa ya rayu ya ga haka. Jabez Hounsell ya rasu a gidansa a watan Nuwamba na 1956, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. An binne shi a maƙabartar coci da ke kan tudu, kuma waɗanda suka rage daga cikin mu ashirin da shida ne muka ɗauki akwatin, muna karɓa-karɓa saboda yawancinmu mun tsufa. Ya bar matarsa Drusilla da 'ya'ya biyar: Kyaftin Levi, da Amelia matar wani Feltham, da Garland masassaƙi, da Stella malamar asibiti a St. John's, da Olive malamar makaranta, da jikoki goma sha huɗu. Mu da ya kira kuwa, namu jikokin sun fi ɗari. Shekara ashirin da shida ya yi bayan ranar da jiniya ta daskare, kuma a cikinsu bai sake iya kiran matarsa daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Allah ya jiƙansa.