Uban da Ya Janye Ƙafarsa

Lokacin da nake koyarwa a Gusau, wani abokin aikina ɗan Tsafe ya ishe mu da zancen wani shahararren marubucin Japan. Kullum sai ya maimaita mana yadda aka haifa wa marubucin ɗa mai lalurar ƙwaƙwalwa, ya ƙi ɓoye shi, ya cika littattafansa da tsoro da kunyar da uba irinsa ke ji. Sai ya taɓe baki ya ce, "Mu mutanenmu ba su san tausayi ba."

Wata Asabar muka je gidansa barkar haihuwa. Muna cin tuwo a zaure sai wata yarinya mai kamar shekara goma ta rarrafo tana dariya, miyau na zuba, ta rungume ƙafarsa tana kiran Baba.

Ya janye ƙafar, ya daka tsawa cikin gida: "Wa ya bar ta ta fito? Ba ku ga baƙi ba ne?"

Shekara shida muna tare, bakin nan nasa da ba ya gajiya bai taɓa ambatonta ba. Na wanke hannu, na ce ina da uzuri a Bungudu. Ban ƙara zama kusa da shi ba.