Man Kaɗe a Cikin Takalmi

Jiya da hantsi wata mata ta wuce ƙofar gidanmu a unguwar Lamashegu da ƙwaryar man kaɗe a ka, ƙamshinsa ya shigo ta taga ya same ni zaune da gwiwa a naɗe. Mai karatu, fiye da shekara goma ƙwallo ce sana'ata, na shaƙi turarukan filayen jirgi da na ɗakunan otal, amma babu ƙamshin da ya taɓa sa ni ajiye abin da ke hannuna sai wannan. Abin da ke hannun nawa kuwa takarda ce daga ƙungiyata. In na sa hannu zan ƙara buga shekara guda, da allura a gwiwa kafin kowane wasa. In ban sa ba, shi ke nan, na gama.

Kakata ce ta raine ni, mahaifiyar babana. Mu kaɗai ne Kirista a gidan hayar da muke, ɗakinmu yana ƙurya kusa da bishiyar darbejiya, kuma ban taɓa jin wani ya ɗaga mana murya a kan haka ba. Sana'arta man kaɗe. Da farkon damina, in 'ya'yan kaɗanya sun fara zuba, tsakar gidan kan cika da hayaƙi mai ɗaci. Ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, a kai niƙa, sannan ta durƙusa gaban babban kwano tana bugawa da hannu cikin ruwa har farin mai ya taso kamar gajimare. Tana yi tana rera waƙoƙin coci a hankali, numfashinta yana tsinka su gunduwa-gunduwa.

Abu biyu Kaka ta dogara da su a duniya: Yesu, sai man kaɗe. Duk abin da take ƙauna sai ta shafa masa. Fatata, ƙyauren ɗaki in ya fara kuka, har bangon Littafi Mai Tsarki nata, wanda ya yi baƙi yana sheƙi kamar goshin jariri.

Ni kuwa yarinya ce mai yawan mafarki. Nakan ari littattafan soyayya a wurin matan gidan in karanta a bayan ɗaki, amma a nawa mafarkin ba saurayi ne ke zuwa da mota ba, fili ne kore shar da dubban mutane suna kiran sunana. Da tsumma da leda nake ɗinka ƙwallona, in zana raga da gawayi a jikin katanga, in yi ta bugawa har Hajiya mai gidan ta leƙo ta ce, "Ke mai ƙafar zabuwa, bangon nan na ubanki ne?" Sai ta miƙo mini ƙosai.

Duk ranar da zan fita wasa, Kaka kan zaunar da ni a turmi, ta shafe ƙafafuna da mai tun daga cinya har yatsu, ta rufe ido ta ce, "Ya Uba, da ƙafa biyu ta fita, ka dawo mini da ita da ƙafa biyu. A cikin sunan Yesu." Iyakar addu'ar ke nan. Wata rana na gaji na ce, "Kaka, ki roƙa mana nasara mana." Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Su waɗancan 'ya'yan ba su da kakanni ne? Kada mu sa Allah a tsakiya."

Ina da shekara goma sha biyar labari ya zo cewa wata ƙungiya daga kudu za ta zo zaɓen 'yan mata ranar Asabar, kuma biyu kacal za su ɗauka. Ban taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Malamin wasanninmu ya aro mini wani tsoho, fatarsa ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Na rungumo shi zuwa gida, na tura ƙarƙashin gadon Kaka, na tafi koyon waƙa a coci. Da safe na tarar da shi a kan tabarma yana ƙyalli kamar sabo. Zuciyata ta yi fari, ban ko leƙa cikinsa ba.

Sai da rana ta take aka fara. Minti kaɗan da shiga fili na ji ƙafata tana yawo a cikin takalmin. Ashe Kaka ba bayansa kaɗai ta shafa ba. Ta ga taurinsa, ta ji tsoron zai ci mini dunduniya, ta cusa mai a ciki har bakin yatsu, zafin rana kuma ya narkar da shi. In na juya dama, takalmin ya tafi hagu. Na kai bugu, ƙwallo ta sulɓe, na zauna daɓas a jar ƙasa. Sau uku ina faɗuwa. Na ji dariya daga bakin fili, na ga baƙon da ya zo zaɓen ya sunkuyar da kai yana rubutu. Ina kuka na tuɓe takalmin na yi jifa da shi, na koma fili da ƙafa tsirara a tsakiyar masu takalmi mai haƙora. An taka ni, farcen babban yatsana ya fita, ban tsaya ba. Ni ce ta biyu da aka kira.

Da ma a nan labarin ya ƙare. Amma na koma gida da kunyar dariyar nan tana ci na, na jefa takalmin a gaban Kaka, a gaban matan gida, na ce, "Saura kaɗan ki kashe mini rayuwa da man nan naki! Ba komai ake shafa wa mai ba!" Ta dubi yatsana mai jini, ta ɗauki takalmin, ta dafa ruwa ta wanke shi da toka. Daga ranar ba ta ƙara taɓa takalmina ba. Ƙafafun dai ta ci gaba da shafawa, da addu'arta guda, har ranar da na shiga motar kudu.

Na yi niyyar ba ta haƙuri. Na ce sai na dawo da kofi a hannu, in durƙusa in faɗa mata da kalmomi masu daɗi irin na littattafai. A ɗakunan otal na cika littafin rubutu da waƙoƙin yabo, rabinsu da muryarta nake jin su. Ina wata ƙasa ana shirin wasa aka bugo mini waya cewa ta tafi gida wurin Ubangiji. Na buga wasan. Ban tuna ko mun ci ba.

Yanzu Lamashegu ta cika da babura da kekuna masu ƙafa uku, inda muke wasa an gina shaguna, injin ne ke buga man kaɗe. 'Yan mata suna wucewa da takalma masu launi, babu mai kiransu zabuwa. Na ji daɗin haka, amma na gaji, mai karatu, gajiyar da barci ba ya cirewa. Likita ya ce in na ƙara shekarar nan da allura, wataƙila da sanda zan ƙarasa rayuwa. Shekara da shekaru ina roƙon nasara kafin kowane wasa, babu mai roƙa wa ƙafafuna komai.

Na kira matar nan mai man kaɗe ta dawo, na sayi curi guda. Na mayar da takardar cikin ambulan ba sa hannu. Sannan na jawo takalmina na ƙarshe, na zauna a bakin ƙofa na shafe shi da mai, baya da ciki, har bakin yatsu. Ba inda zai ƙara zuwa. Sauran da ya rage a tafina na murza a gwiwa, na rufe ido na ce, "Ya Uba, ga ni na dawo. Biyu ne, Kaka. Ki ƙirga."